Kwana Arba'in Kafin Jirgin Fas

Litinin, 1 ga Satumba, bayan La'asar

Bismillahi. Yau na sayi wannan littafi a Babbar Kasuwa, ba don lissafin gero ko dawa ba, don tafiyarmu ni da Hajiya Safara'u kawai. Malam Ado, wanda ya koya mini boko a ajin yamma ina da shekara hamsin da ɗaya, kullum yana cewa hannun da ba ya rubutu mantuwa yake yi. To ga shi ina yi.

Maroko za mu je. Na rubuta, na tsaya ina kallonsa. Ɗanmu Mudassir da ke aiki a Abuja ne ya ɗauki nauyi. Ya ce mu zaɓi ƙasa, na ce a nemo mini wadda jirgin ƙasa ke ratsa garuruwanta. Hajiya 'yar Funtuwa ce, ta tashi tana ganin jirgi yana wucewa da auduga, ba ta taɓa sa ƙafa ciki ba. Ni ma haka. Muna sabon aure na ce mata wata rana zan sa ta a jirgi. Shekara talatin da takwas ke nan. Hajji ma daban-daban muka yi, ni da shekarata, ita da tata. Iyakar tafiyarmu tare Kano, ita ma asibitin ido ce.

Garuruwa huɗu: Kasablanka, Rabat, Fas, Marrakesh. Kwana goma sha huɗu. Tashi 6 ga Oktoba.

Laraba, 3 ga Satumba, da hantsi

Na zana taswirar da kaina a bayan kalandar bara. Daga Kasablanka zuwa Rabat wajen awa ɗaya, an ce ana hango teku. Daga Rabat zuwa Fas wajen awa uku. Daga Fas zuwa Marrakesh kusan wuni guda. Na ce wa Mudassir kowane tikiti a ba Hajiya kujerar taga. Ya ce, “Baba, kai fa?” Na ce ni na leƙa ta kafaɗarta.

Abokan rumfa sun fara kirana Alhaji Tarago. Ba ni da damuwa.

Asabar, 6 ga Satumba, bayan Azahar

An sauke itace kura biyu a ƙofar gida. Ga gas a kicin, ga gawayi buhu guda. Na ce, “Hajiya, gidan biredi za mu buɗe?” Ta ce, “Itace ai ba ya ruɓewa.” Ban ƙara tambaya ba.

Talata, 9 ga Satumba, bayan Magariba

Biza ta fito! Mudassir ya turo hoton ta waya. Ya ce tana aiki har 9 ga Nuwamba, daga nan ta mutu. Na shiga da gudu kamar yaro, takalmi ɗaya ya fita a zaure. Na karanta wa Hajiya ranakun ɗaya bayan ɗaya: ran shida mu tashi, ran tara Rabat, ran sha ɗaya Fas mu yi ziyara a zawiyar Shehun ɗariƙarmu, mu ga inda ake jimar fata. Tana tsinkar zogale. Ta ce, “Shida ga Oktoba, wane wata ke nan a namu?” Na duba kalanda na ce tsakiyar Rabi'ul Sani. Ta ɗan tsaya da hannu cikin kwano. Sannan ta ce, “Allah Ya kai mu.”

Na ɗauka murna ce ta hana ta magana.

Alhamis, 11 ga Satumba, da safe

Babbar tukunyar ƙarfe ta fito daga rumbu, an wanke ta. Kanwa, citta, kanumfari, gero mudu goma an kai niƙa. An share ɗakin da ke kusa da rijiya, an sa sabon labule.

Ni ba makaho ba ne. Na san akwai magana game da yarinyar nan ta Ƙofar Sauri. 'Yar farinmu ce, don haka ba na kiran sunanta, uwarta ma ba ta kira, haka muka tarar. Shekara goma sha ɗaya da aurenta da Siddiq, ɗakin shiru. Sau biyu aka yi murna da wuri, sau biyu aka koma aka yi shiru. Wannan karon ba wanda ya ce mini komai, sai dai na ga hijabinta ya ƙara faɗi. A lissafina sai can wajen sanyi. Ban tambaya ba. Uba ba ya tambayar wannan.

Na gwada sabuwar jakar taya a tsakar gida. Tana tafiya lafiya lau.

Lahadi, 14 ga Satumba, bayan La'asar

Suwaiba, ƙanwar Hajiya, ta zo daga Funtuwa da ƙullin kaya uku. Wannan mata tun tana 'yar shekara tara take tsokanata, ba ta gaji ba.

Na shimfiɗa mata taswira a tabarma. Ta duba, ta duba, ta ce, “Maigidana, wanga zane ya yi kyau. Da wa za ka tahi?”

Na ce, “Da yayarki mana. Ke sai dai mu kawo miki tsaraba.”

Ta ce, “Yaushe?”

Na faɗa. Sai ta tafa hannu, ta juya wajen kicin ta ɗaga murya: “Yaya! Ba ki hwaɗa mashi ba?”

Sai ƙarar ludayi.

Suwaiba ta ce, “Kai kuma da gemunka fari, itacen nan da ka gani, shayi za a dafa maka da shi? Ɗiyarka ta kusa shiga watanta. Satin da ka ce za ku hau jirgi, satin ake sa ran saukarta. Kuma haihuwar fari ce, gida za ta yi wanka. Wa zai dafa mata ruwa kwana arba'in, direban jirgi?”

Na ce me ya hana a gaya mini tun farko. Hajiya ta fito tana goge hannu da gefen zane, ba ta dube ni ba. Ta ce, “Ta yaya zan buɗe baki in ce maka? Na ga ka ga itace.”

Na ce, “Na ga itace.”

Suwaiba ta yi dariya har ta kwanta a tabarma. Ta ce mutum biyu, gida ɗaya, wata uku ana shirin tafiya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara magana. Ta ce Mudassir ma da ya sayi tikiti ba wanda ya gaya masa, wai kunyar yayarsa. “Gidan kunya, Allah Ya ba ku lafiya.”

Na yi lissafi a zuci. Arba'in daga shida ga Oktoba ya wuce ranar mutuwar biza.

Litinin, 15 ga Satumba, bayan Asuba

Na naɗe taswira na sa bayan kabad. Ba ni da damuwa.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Siddiq ya kawo ta. Zai tafi Legas rakiyar motar shanu, ya ce gara tana gaban uwarta. Ta durƙusa daga nesa da ƙyar, ta ce, “Baba, ina wuni.” Na amsa ina kallon bango. Ƙafafunta sun kumbura, silifas ba ya shiga. Na fita na sayo kankana guda biyu na ajiye a bakin rijiya, ban ce na wane ne ba.

Wallahi ina murna. In rubuta gaskiya tunda littafina ne: ina murna, kuma akwai ɗan takaicin tafiyar nan a raina. Ina jin kunyar abin. Tsoho da jika yana tafe, yana tunanin taga.

Asabar, 20 ga Satumba, asibiti, tsakanin Azahar da La'asar

Ba lokacinta ba ne. Saura sati biyu da wani abu.

Ina rumfa aka kira ni. Ban san yadda na zo ba.

Nas ta fito da takardar tiyata ta ce ina mijin. Suwaiba ta ce yana hanyar Legas. Ta ce to uban ya sa hannu, yanzu, ba jira. Ta nuna mini layi ta ce, “Baba, rubuta sunan mara lafiya nan, naka nan.” Na riƙe biro. Shekara talatin da shida ban faɗi sunan nan ba, kuma tun da na koyi rubutu ban taɓa rubuta shi ba. Na rubuta. Rashida. Na miƙa mata takardar.

Sun shiga da ita. Ƙofar ba ta da taga.

Hajiya tana zaune ƙasa, carbi bai motsi a hannunta.

Asabar ɗin dai, bayan La'asar

Namiji.

An wuce da shi a guje, ban ga komai ba sai tawul. Ita kuma an ce a nemo jini.

Lahadi, 21 ga Satumba, da safe

An samu. 'Yan rumfarmu su biyar suka zo, har da wanda muka yi wata ba ma gaisawa kan maganar ma'auni. Allah Ya saka musu.

Litinin, 22 ga Satumba

Ba canji.

Talata, 23 ga Satumba, bayan Azahar

Ta buɗe ido ta nemi ruwa. Hajiya ta fito baranda ta gaya mini, sai ta juya baya ta rufe fuska da mayafi. Na tsaya kusa da ita ina karanta wata sanarwa a bango game da wanke hannu. Sau huɗu na karanta.

Yaron yana cikin kwalba. An bar ni na leƙa ta gilashi. Tafin ƙafarsa bai kai babban yatsana ba. Amma fa yana harbi da ita kamar mai bin wani bashin faɗa. Na ce masa, “Kai, sannu da gaggawa.”

Alhamis, 25 ga Satumba, da hantsi

An cire shi daga kwalba! Ya kama nono! Alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, alhamdu lillahi. Na raba goro tun daga ƙofar asibiti har Ƙofar Guga. Mai a-daidaita da ya ɗauko ni ya ce, “Alhaji, takara ka ci?” Na ce ta fi takara.

Asabar, 27 ga Satumba, bayan Magariba

An yi suna, jiya aka sallamo su. Muhammadu Sagir. Siddiq ya dawo ya rame kamar shi ya haihu. Liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski a hankali don gashin ma ɗan kaɗan ne. Mata sun cika gida, masa ta ƙare sau biyu.

Suwaiba ta miƙo mini shi a zaure ta ce, “Ga sabon angon Yaya. Kai ka tsufa, an sallame ka.” Na duba fuskarsa na ce, “Kai ne ka ƙwace mini mata? Ko haƙori ba ka da shi. Me za ka ciyar da ita?” Ya yi hamma a fuskata. Kowa ya ce ya ba ni amsa.

Ban taɓa jin daɗi irin na yau ba. Ko ranar da na karanta wasiƙar farko da kaina bai kai ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, da safe

Likita ya hana ruwa mai zafi sosai saboda ɗinki. Hajiya ta ce ta ji, ta rage wuta, amma tukunya ba ta sauka ba. Kafin kiran Asuba tana bakin murhu, da La'asar ma haka. Ganyen runhu, kunun kanwa, farfesun ƙafar saniya. Gidan duk ƙamshin yaji. Ni tuwona yakan zo da sanyi. Na kai ƙara wajen Sagir, ya yi barci ya ƙyale ni.

Mudassir ya kira. Ya ce ana iya ɗage tikitin jirgin sama sau ɗaya, amma sai na ba shi amsa kafin Juma'a da yamma, ko a ɗage ko a soke. Na ce zan yi tunani. Ba abin tunani. Matar da ta kwana shida a ƙasan asibiti ba zan je in ce mata jirgi ba.

Alhamis, 2 ga Oktoba, bayan Azahar

Na mai da jakar taya saman kabad. Ta faɗo mini a ka.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan La'asar

Zan rubuta wannan dalla-dalla.

Na dawo daga masallaci na zauna a zaure na kira Mudassir. Na ce, “A soke.” Ya ce, “Baba, ka yi magana da Mama?” Na ce ba sai na yi ba. Ashe muryata ta shiga cikin gida. Sai ga sallama a bakin zaure. Ba Hajiya ba, ba Suwaiba ba. Mai jego ce da kanta, tana dafa bango, kanta a ƙasa.

Tun tana ƙarama ba ta taɓa zama ta yi zance da ni ba, gaisuwa ce kawai da aike. Ta zauna a bakin tabarma ta ce, “Baba, kada a soke.”

Na ce da bango, “A koma ciki, akwai iska.”

Ta ce, “Shirun nan ne ya kawo mu nan. Ni na ji kunya ban faɗi watana ba, Mama ta ji kunya, kai ka ji kunya. Yanzu kuma za a sake wani shirun. Baba, ka tambaye ta mana.”

Mudassir yana kan waya yana ji. Ya ce, “Yaya ta yi gaskiya.”

To na tashi. Na sami Hajiya a bakin murhu tana tura itace. Na tsaya kamar ɗan aike. Na ce, “Hajiya, yaushe ne arba'in ɗin Rashida?”

Ta ɗago da sauri. Suwaiba da ke wanki ta ce, “La ilaha illallahu, ya hwaɗi sunan! Yau za a yi ruwa.”

Hajiya ta ce, “Alhamis, talatin ga watan nan naku.”

Na ce, “Ke kika duba kalanda?”

Ta ce, “Tun muna asibiti na sa nas ta duba mini. Alhamis arba'in. Juma'a a mai da ita ɗakinta. Asabar mu kama hanya. Takardar taka ba sai tara ga wata mai zuwa take mutuwa ba? Da yaron nan ya zo kan lokacinsa da ba inda za mu. Shi ya yi mana hanzari.”

Na ce, “Kin san haka kika bar ni ina ta fama da jaka?”

Ta ce, “Na ga ka naɗe taswira, na ce ko ka fasa.”

Suwaiba ta jefar da sabulu ta ce ita ta gaji da mu, gobe za ta koma Funtuwa. Ba ta koma ba.

Na ce wa Mudassir a ɗage. Kwana bakwai ne za su samu maimakon sha huɗu, dole gari ɗaya ya fita. Na ɗauko taswira na shimfiɗa a bakin murhu, na ce Hajiya ta zaɓa. Ta ce a wace hanya aka fi daɗewa cikin jirgi. Na ce ta Marrakesh, amma in mun bi ta sai mu bar kwana a Rabat, kuma Fas kwana ɗaya kacal. Ta bi layin da yatsa. Ta ce, “Bar Marrakesh. Ziyara ba a yi mata gaggawa. Jirgi uku ya ishe ni: zuwa Rabat, zuwa Fas, da dawowa.” Na ja layi a kan Marrakesh. Tartsatsi ya ƙona mini gefen teku.

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Yau da muna sama. Maimakon haka Sagir ya yi mini fitsari a sabuwar shaddar da na ɗinka don tafiya. Suwaiba ta ce ango ya sa hannu a takardar izini.

Asabar, 18 ga Oktoba, bayan La'asar

Yaro ya yi kumatu. Uwarsa tana zagaya tsakar gida ba dafa bango. Ta ce in karanta mata sunayen tashoshi, na karanta, har na ƙara da waɗanda ba za mu tsaya ba. Muna hira yanzu, kaɗan-kaɗan. Har yanzu bango nake kallo, amma bangon da ke kusa da ita.

Hajiya ta rame. Idonta ya faɗa. Na ce ta bar wa Suwaiba wankan Asuba ko na kwana biyu. Ta ce shekara sha ɗaya tana jiran tukunyar nan, ba mai taɓa mata ita.

Alhamis, 30 ga Oktoba, bayan Azahar

Arba'in. An sauke tukunya, an kife ta. Itace saura guda bakwai.

Juma'a, 31 ga Oktoba, bayan Magariba

An raka su Ƙofar Sauri da gara mota guda. Gidan ya yi faɗi. Hajiya ta shiga ɗakin rijiya ta daɗe, ta fito da hular yaron da aka manta. Ta sa ta cikin jakar tafiya. Ban ce komai ba. Sai kuma na tuna, na ce, “Kina kewarsa?” Ta ce, “Ƙwarai.” Na ce, “Ni ma.” Ashe abin ba wuya.

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe goma da kwata na safe, cikin jirgin ƙasa

Muna ciki. Ni Dabo da Safara'u, muna cikin tarago, kujera mai laushi, ita a taga. Da za ta hau ta yi bismilla da ƙarfi har wani Balarabe ya ce amin. Ta shafa gilashi, ta shafa kujera, ta ce, “Ashe haka cikinsa yake.” Jirgin ya motsa ba ko girgiza. Ta kama hannun rigata ta ce, “Alhaji, tafiya muke!”

Ƙarfe goma da minti ashirin da biyar

Ta yi barci.

Kanta a jikin taga, bakinta a ɗan buɗe. Kwana arba'in tana riga ladan tashi. Na ɗaga hannu zan taɓa ta sau biyu, na mayar.

To bari in riƙe mata. Gidaje farare masu kwanon dish a kai. Tumaki masu gashi, makiyayi da doguwar riga mai hula a haɗe. Gonar wani abu kore da ban sani ba. Jaki, irin namu sak. Wata tasha, mata biyu da kwandon lemo. Gada. Teku! Ga teku can, shuɗi, ba ƙarshe. Ya ɓuya bayan gidaje. Ya sake fitowa.

Ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin, tashar Rabat

Tsayawar jirgi ce ta tashe ta. Ta gyara mayafi ta leƙa waje ta ce, “Har yanzu ba mu tashi ba?”

Na ce, “Mun iso.”

Ta dube ni, ta dubi taga. Ta ce, “Ka bar ni na yi barci? Shekara talatin da takwas, Alhaji!”

Na ce na rubuta mata komai, har jaki. Ta ce ita ba jakin takarda ta zo gani ba. Ta tashi tana jan jaka, mutane suna ba ta hanya. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, “Na Fas awa nawa ka ce?”

Na ce uku.

Ta ce, “In na rufe ido ka tsunkule ni. Kuma ka buɗe baki ka yi magana.”

Na ce to.